Akuyar da Ta Ji Tausayin Mama

Litinin, ƙarfe goma na safe

Na dawo ɗakina na ƙuruciya da jaka ɗaya da kwamfuta. Gadon ya yi mini kaɗan, ko kuma ni ce na yi masa yawa, amma na yi barci mai daɗi. Teburin da Mama ke yankan yadi a kai shi ne ofishina yanzu. Na ture almakashi da alli gefe, na jona caja a bayan keken ɗinki. Keken a rufe yake da tsohon zani tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Mama a kansa, kuma ba ni ce zan buɗe shi ba.

Mama tana falo a kujerarta, hannun dama a ƙarƙashin mayafi. Nas ɗin da ke zuwa motsa mata jiki ta ja ni bakin ƙofa ta faɗa mini ƙasa-ƙasa: makonnin nan su ne komai. In hannun ya samu aiki yanzu, yatsun za su buɗe, ko da ba su koma kamar da ba. In aka bar shi a kwance, a dunƙulen nan zai sandare. Ta bar mana ƙwallon roba na matsawa. Mama ta dube shi ta ce ita ta wuce shekarun wasan ƙwallo, yanzu haka yana ƙarƙashin kujera.

Ban da wannan lafiya lau muke. Ta ci abinci, ta yi mini faɗa a kan gashina, ka ga ke nan baki ya warke sarai.

Abokin aikina Dogo ya kira yana tambaya ko na ga sharhin da aka zuba mana jiya. Na ce ban gani ba. Ya ce gara in sha shayi tukuna.

Talata, da azahar

Bari in rubuta, don in na tsufa na buɗe littafin nan in tuna abin da na yi da ƙuruciyata. Ni da Dogo mun yi ɗan wasan waya mai suna Kafin Ruwa Ya Sauko. Shi ke zane da sauti, ni ke rubutun kwamfuta, mu biyu ne kamfanin kaf. Tsakar gida ce, igiyar shanya cike da kaya, hadari yana haɗowa. Babban yatsan hagu yana jan kwando, na dama yana fizgo kaya daga igiya. In ruwa ya sauko kafin ka kwashe, ka faɗi. A mataki na biyar akuya take shigowa ta kama hannun riga tana ja, dole ka bar igiya ka kore ta sannan ka dawo. Dogo ya zana ta da ido ɗaya a lumshe, kana ganinta ka san ba alheri ya kawo ta ba.

To, akuyar nan ita ce duniya ta taso mana a kanta. Wani ya rubuta, "Wasa mai daɗi, amma don Allah ku yanka akuyar." Wani ya ba mu tauraro ɗaya, sharhinsa kalma ɗaya tak: "Akuya." Wata ta ce ta goge wasan saboda akuya, ta sake saukewa saboda akuya. Wani kuma yana tambaya me ya sa ba a iya sayen kare. Sai mutuminmu da muke kira Sarkin Ƙorafi, wanda taurari uku yake ba mu kullum, bai taɓa ƙarawa ba bai taɓa ragewa ba. Yakan fara da "Da farko dai ina yi muku fatan alheri," daga nan sai ya feɗe mu har wutsiya.

Dogo ya ce akuya ba inda za ta, ko sama da ƙasa za su haɗu. Ni dai abin da na sani, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, amma ba lallai ya iya gyaran rufi ba. Akwai abin da ke ci musu rai a wurin nan, ban dai gano shi ba tukuna.

Ina cikin karatu ina dariya sai na ji Mama daga falo: "Ke Auta, da wa kike ɓaɓɓaka dariya ke kaɗai kamar sabon kamu?"

Na ɗauki kwamfutar na je na karanta mata. Ta yi dariya har da tari. Ta ce akuya ai gaskiyarta, wa ya ce a yi shanya a bar ƙofa a buɗe? Rabon da in ji dariyarta tun kafin ranar nan.

Alhamis, da yamma

Ta ce in nuna mata abin da ake zagina a kai. Na sa mata a wayarta.

Muna da ƙa'ida ni da Dogo: in mutum yana gwada wasanka, a bayansa za ka zauna, bakinka alaikum. Ko ya rasa maɓallin da ke gaban hancinsa ba ka nuna masa, domin ranar da baƙo zai sauke wasan ba ka nan. Haka na zauna a bayan kujerarta ina cizon leɓe. Mataki na farko ta wuce da hagu kaɗai, tana ja tana fizga, don kayan ba yawa. A na biyu ruwa ya jiƙa ta sharkaf.

Ta ce, "Wannan na masu hannu biyu ne?"

Na ce eh.

Ta miƙo mini wayar, na ce ai tata ce. Ta ajiye ta a hannun kujera ta ce in kunna mata rediyo. Na ji haushin kaina ƙwarai.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yaya ya kira. Ya tambayi magani, ya tambayi barcinta, ya tambayi ko kuɗin cefane ya isa. Ya ce shi har yanzu ba ya iya shiga ɗakin ɗinkin, yaya nake yi nake wuni a ciki? Na ce akwai iska mai kyau ta tagar. Muka koma maganar motarsa.

Asabar, da hantsi

Na fito da shayi na tarar da mayafin a kafaɗarta, waya a cinya, manyan yatsu biyu a kan gilashi. Na koma kicin da baya na tsaya har shayin ya huce.

Litinin, da la'asar

Wallahi ban taɓa samun mai gwaji irin Mama ba. Hannun a dunƙule yake har yanzu, babban yatsan ne kawai ke fitowa, da shi take dungurar kaya ɗaya bayan ɗaya, amma bakin nan ba ya hutawa. Ta ce wane irin gida ne wannan mai safa da yawa haka, ƙafa nawa gare su? Ta ce kiɗan yana sa ta barci. Ta ce babban abin da wasan ya rasa shi ne maƙwabciya da za ta leƙo ta katanga tana ba ka labarin mutane daidai lokacin da kake sauri. Na tura wa Dogo wannan, kafin awa ɗaya ya turo zanen wata mata da ɗankwali a karkace, rabin fuskarta a saman katanga. Mama ta ce ta gane ta.

Nas ta zo ta lanƙwasa yatsun, ta dube ni ta ce, "Me take yi kwanan nan?" Mama ta ce, "Shanya." Nas ta ce ko ma mene ne ta ci gaba.

Mun ci abincin rana a tsakar gida, a inuwa. Lafiya lau muke, yau kam da gaske.

Laraba, da azahar

Ta kai mataki na biyar. Sun haɗu da akuya. Sunayen da ta kira ta da su ba za su rubutu ba.

Juma'a, da yamma

Tun shekaranjiya take wuri ɗaya. Kafin yatsan ya taso daga igiya ya kai kan akuya, akuya ta tafi da riga. Sai ruwa ya sauko, kayan su jiƙe a hankali ɗaya bayan ɗaya, ga kiɗan baƙin cikin nan da Dogo ke alfahari da shi, sannan a mayar da kai farkon matakin. Ina zaune a baya ina kallo.

Can ta kifa wayar a cinya. Ta ce, "Ni da nake zura zare a allura ba tare da na duba ba." Ba ta ƙarasa ba. Ta goge ido da gefen mayafi ta ce hayaƙin maƙwabta ne, sun sake ƙona shara. Ba wanda ke ƙona komai a layin nan.

Ba ta ƙara taɓa wayar ba yau. Tsoro nake ji, in ta ajiye wannan ban san me zai sake fito da hannun ba.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Na yi wani abu. Na yi wa Mama kwafin wasan nata na musamman. A cikinsa akuya tana tafiya a hankali, kuma in ta iso igiya ba ta kama riga sai an kusa taɓa ta. Hadarin ma yana jira. Aikin bai ɗauke ni komai ba, lambobi kaɗan na canja. Tana wanka na sa mata a waya.

Na gaya wa Dogo. Ya ce, "Shugaba, ki gaya mata."

Na ce in na gaya mata ba za ta taɓa shi ba.

Ya ce, "To ai kin ba kanki amsa."

Na ce shi uwarsa lafiyarta ƙalau, sai ya bar ni da tawa. Ban kyauta ba, zan ba shi haƙuri anjima.

Lahadi, da hantsi

TA KORI AKUYA.

Ihun da ta yi sai da na yar da cokali a kicin. "Auta! Zo ki ga 'yar banzar nan tana gudu!" Ta ɗaga wayar sama tana girgiza kafaɗa a zaune. Nan take ta sa na kira mata Gwaggo Mai Zare, ƙawarta ta kasuwa wadda take sayen zare da maɓallai a wurinta tun ban san kaina ba. Ta ce mata, "Ƙawa, abin da ya gagari samarin duniya ni na gama da shi da hannu ɗaya da rabi." Gwaggo ta ce lallai sai an sa mata wasan nan ita ma.

Na yi murna. Na yi murna, kuma ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Talata, da la'asar

Mataki na bakwai. Yau ta ɗauki kofi da dama, ta tallafa da hagu, bai zube ba. Ɗan ali ya fara miƙewa kaɗan. Yaya ya ce in ɗauki hoto in tura masa.

A shagon manhajoji kuwa ana nan ana yaƙi da akuya. Sarkin Ƙorafi ya sake rubutu. Bayan fatan alheri ya ce shi a motar haya yake buga wasan in zai tafi aiki, kuma saboda mu ya wuce tasharsa. Ya ce, "Ban ce ku cire ta ba kamar yadda jahilai ke cewa. Na ce ku ji tsoron Allah." Taurari uku. Na karanta sau da yawa ban gane me yake so mu yi ba.

Laraba, da safe

Lafiya lau. Komai lafiya. Mama tana cewa wasan ya yi sauƙi, ashe mutanen intanet raki ne da su.

Alhamis, da yamma

Gwaggo Mai Zare ta zo da azahar da ledar lemo. An sa mata wasan a shago, irin na kowa da kowa, kuma tun daga ƙofa take mita. "Ƙawa, akuyar 'yarki shaiɗaniya ce. Ni na haƙura." Mama ta gyara zama, fuskar nan tana sheƙi, ta ce, "Kawo nan in koya miki. Abin ai natsuwa ne."

Ina tsaye da tire a hannu. Da na yi magana. Na buɗe baki ma, sai dai ban san da wace kalma zan fara ba.

Ta karɓi wayar Gwaggo. Akuya ta shigo a guje ta tafi da riga kafin Mama ta ɗaga yatsa. Ta ce ba ta shirya ba ne. Ta jira ruwan ya gama sauka, ta sake. Haka. Ta sake. Haka. Gwaggo, baiwar Allah, ta fara cewa wayarta ce ba ta da kyau, gilashin ya tsage, ita ma yana ba ta wahala. Mama ta miƙa mata abarta ta ce a sha lemo. Sun yi hirar kasuwa, wa ya tashi daga rumfa, wa ya aurar da 'ya, Mama tana amsawa daidai-daidai. Hannun ya koma ƙarƙashin mayafi ban ma ga lokacin ba.

Da na rako Gwaggo na dawo, na tarar ta ɗauki tata wayar. Ta buɗe mataki na biyar, ta jingina wayar da kofi a kan tebur, ta naɗe hannuwa. Akuya ta shigo tana takawa a hankali. Ta iso igiya ta tsaya. Hadari ya yi baƙi ƙirin, ko ɗigo bai sauko ba. Akuya tana tsaye da idonta ɗaya a lumshe, mu ma muna kallonta.

Mama ta ce, "Auta, akuyar nan me take jira?"

Na ce, "Mama, na ga kina shan wahala ne."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Yayanki yana tausayina, likita yana tausayina, mai kawo ruwa ma sannu yake jera mini. Wuri ɗaya na samu da ba a san ni ba. Shi ne kika bi ni can, har akuya kika sa ta ji tausayina."

Ta tashi da kanta ta shiga ɗaki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sani tun ranar Asabar.

Juma'a, da azahar

Wayar tana kan tebur inda ta bar ta. Batir ya mutu.

Asabar, da safe

Ta ci abinci da hagu. Ta ce na gode da na kawo. Mama ba ta taɓa yi mini godiya a kan abinci ba.

Litinin, da la'asar

Nas ta zo. Ta ɗauki hannun ta juya shi, ta ja ɗan alin, ya koma ya lanƙwashe. Ta ce, "An daina shanyar ne?" A bakin ƙofa ta sake faɗa mini abin da ta faɗa ranar farko, wannan karon ba ta sassauta murya ba.

Na ba Mama haƙuri jiya, na sake yau. Ta ce ba komai, ya wuce. Garin neman gira na rasa ido.

Talata, ƙarfe goma na safe

Na kira Dogo ba don aiki ba. Ya bar ni na gama kukana, bai ce "ai na gaya miki" ba, Allah ya saka masa. Sannan ya ce, "In ɗan wasa ya yi fushi ya goge wasanmu, haƙuri kike ba shi?"

Na ce a'a, tambayarsa nake yi.

Ya ce, "Sai kuma me?"

Na ce sai in yi shiru.

Ya ce, "To, Shugaba. Ni zan koma zanen maƙwabciya."

Talata, da yamma

Na ɗauki kujera na zauna a gabanta da kwamfuta a cinya, kamar yadda nake yi da baƙi. Na ce, "Ba Auta ce ta zo ba, ma'aikaciyar kamfani ce. An ce kin daina buga wasanmu. Muna so mu ji me ya ɓata miki rai."

Ta harare ni ta ce kamfanin banza kamfanin wofi. Na rubuta. Ta ce me kike rubutawa? Na ce ra'ayin mai wasa. Gefen bakinta ya motsa, ta danne.

Daga nan ta fara, kuma ba da wasan ta fara ba. Ta ce shayi rabin kofi nake zuba mata don kada ya zube, tana gani. Ta ce ina yanka mata burodi ƙanana kamar na jariri. Ta ce in ta nemi kalma ta ɗan tsaya, sai in riga ta faɗa, kuma rabin lokaci ba ita take nema ba. Sau biyu na ɗauko numfashi zan kare kaina, na haɗiye. Shiru yana da wuya in uwarka ce.

Da ta sauke wannan duka sai ta ce, "Ita kuma akuyar, wa ya ce miki saurinta ne ya dame ni?"

Na ɗago kai.

Ta ce, "Akuya ai dole ta yi sauri, in ba haka ba tunkiya ce. Ta ci ni, na yarda. Amma in ta ci ni, sai ku zaunar da ni in kalli kayana suna jiƙewa ɗaya bayan ɗaya, ana yi mini kiɗan makoki. Na san na faɗi, ba sai an yi mini wa'azi ba. A lokacin nan jinina yana tafasa, so nake in koma mata nan take. Kafin ruwanku ya gama sauka zuciyar ta huce, hannun ya yi sanyi, sai tunani ya shigo." Ta ɗan tsaya. Ban taya ta ba. Ta ce, "Tunanin ne ba na so."

Na zauna baki sake. Ruwan nan da kiɗan nan su ne abin da muka fi alfahari da su, har cewa muke yi su ne ruhin wasan. Mu da muka san hanyar korar akuya ba mu cika faɗuwa ba, saboda haka ba mu taɓa zama mun kalle shi sau da yawa a jere ba. Kowa yana ihu akuya, akuya, ashe jiran da ke bayanta ne yake ƙona su. Har da bawan Allah mai wuce tasha.

Na ce an gode, kamfani zai duba. Ta ce kamfani ya cika mata kofi in zai kawo shayi.

Alhamis, da hantsi

Dogo ya yi jimamin kiɗansa kamar an yi masa rasuwa, amma ya yarda. Ba mu taɓa akuya ba ko da gashi ɗaya. Yanzu in ta tafi da riga, tsawa ɗaya ce, sai babban maɓalli ya fito a tsakiya: SAKE. Ka taɓa, kana cikin tsakar gida. Ruwan da kiɗan suna nan ga wanda ya ga dama ya zauna ya kalla. Mun saki sabuntawar ga kowa da kowa, iri ɗaya. Kwafin nan na musamman na goge shi daga wayar Mama da kwamfutata.

Juma'a, da azahar

Sharhi ya fara sauyawa. Wani ya ce mun kyauta da muka rage wa akuya gudu. Ba mu rage ba! Wata ta ce yanzu ta fi tsanar akuyar amma ta kasa ajiye waya. Sarkin Ƙorafi ya rubuta layi ɗaya, karo na farko a tarihi: "Kun ji tsoron Allah." Taurari uku. Dogo ya ce mutumin nan ko Aljanna aka kai shi uku zai bayar.

Na yi cajin wayar Mama na kai mata, na ce na kowa ne yanzu, wallahi. Ta ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Ba za ta taɓa wasan a wayar da ta kwana gida ɗaya da ni ba. In da gaske nake, a kira Mai Zare ta zo da tata.

Na kira. Sai gobe in ta rufe shago.

Asabar, da yamma

Gwaggo ta zo. Mama ta sa ta rantse cewa ban taɓa wayar ba, ni kuma aka ce in koma bakin ƙofa, kada ko inuwata ta faɗa kan gilashin. Ta cire mayafin ta ajiye a hannun kujera. Hannun ya ƙara dunƙulewa a kwanakin nan, sai da ta sa hagu ta fito da babban yatsan.

Akuya ta shigo a guje ta tafi da riga. Tsawa. Mama ta ce, "Yauwa, wannan ita ce," ta taɓa SAKE. Akuya ta sake cin ta. Ta taɓa. Gwaggo tana gefe tana ihu, "Ga ta nan, ƙawa, ga ta nan ta hagu!" Mama tana cewa ta rufa mata baki. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ban ƙirga sau nawa ba, na dai san lemon da na kawo ya yi ɗumi ba wanda ya taɓa.

Sai ga wani zagaye Mama ta kori akuyar. Ta koma kan kwando, kaya suna ta faɗawa ciki, saura riga ɗaya tak a igiya. Gwaggo ta miƙe tsaye. Ni na toshe baki da hannu biyu. Yatsan ya tafi, ya kusa, sai 'yar banzar nan ta dawo ta ƙarƙashin igiya ta fizge rigar. Tsawa.

Mama ta saki wayar a cinya, ta ɗaga hannun dama ta watsa wa gilashin daƙuwa. "Ungo naki, mara mutunci!"

Yatsu biyar, a buɗe, a ware.

Gwaggo ta dafa ƙirji. Mama ta bi idonmu ta dubi hannun, yana nan a sama, bai rufe ba. Ta daɗe tana kallonsa. Ni kam hawaye sun gama wanke mini fuska, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Ta sauke shi a hankali ta ɗauki wayar.

Ta ce, "Me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin an zagi akuya ba? Mai Zare, zauna, yau sai dai ki tafi gida ba waya."